Babi na Bakwai: 'Yan Rakiya a Gasar Manya

Kasuwar Muda Lawal da ke cikin garin Bauchi ta yi suna wajen kayan gwari da kayan marmari. Tun da sassafe motoci ke sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa, ga doya da lemo da ayaba. Idan rana ta ɗaga, ciniki ya ɗan lafa, hirar da ke tashi a rumfuna ba ta wuce ta ƙwallo. Wanda ya kwana da haushin ƙungiyarsa a gidan kallo, nan zai tarar da masu jiran sa da tsiya. Kuma duk zafin musu, akwai magana ɗaya da kowa ya yarda da ita: ƙwallo ba ta da tabbas, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Suna da hujja. A 1990 Kamaru ta doke Ajantinar Maradona da ci ɗaya mai ban haushi a wasan buɗe gasar cin kofin duniya, alhali Ajantina ce ke riƙe da kofin. A 2002 Sanagal ta yi wa Faransa irin wannan ta'asar. A gasar Olamfik ta 1996 Najeriya ta fitar da Brazil da ci 4-3, ta doke Ajantina 3-2, ta rataya zinariya. Nan gida, Wikki Tourists ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1998. Sunan kasuwar ma yakan tuna wa masu shekaru Mudashiru Lawal, wanda ya zura ƙwallo ta uku ranar da Najeriya ta lallasa Aljeriya 3-0 a Legas a 1980, ta ɗauki kofin Afirka karon farko.

To amma akwai wasan da wannan magana ba ta cika ci a cikinsa ba, shi ne ƙwallon zari-ruga. A can, ƙaramar ƙasa takan yi wa babba ba-zata a rana guda, duniya ta ɗauka, amma kofi bai taɓa kuskuren faɗawa hannunta ba. Abin da wannan babi zai bi diddigi shi ne dalilin haka.

Kofi goma, gida huɗu

An fara gasar cin kofin duniya ta zari-ruga a 1987, a New Zealand da Ostareliya, da ƙasashe 16. Daga nan zuwa 2023 an yi ta sau goma, kuma ƙasashe huɗu kacal suka taɓa ɗaga kofin: Afirka ta Kudu sau huɗu, New Zealand sau uku, Ostareliya sau biyu, Ingila sau ɗaya a 2003. Faransa ta je wasan ƙarshe har sau uku, a 1987 da 1999 da 2011, tana dawowa hannu rabbana. Bayan waɗannan biyar, babu ƙasar da ta taɓa taka wasan ƙarshe. Wasan kusa da na ƙarshe kuwa, Wales da Scotland da Ajantina ne kawai suka ƙaru a kansu. Ke nan cikin shekara 36, ƙasashe takwas ne suka taɓa shiga sahun huɗun ƙarshe. Sauran, in za a faɗi gaskiya, rakiya suke zuwa.

Rakiyar ma takan zo da wulaƙanci. A 1995 New Zealand ta yi wa Japan 145-17 a Bloemfontein. A wannan shekarar Scotland ta yi wa Kwaddibuwa 89-0. A 2003 Ostareliya ta yi wa Namibiya 142-0 a Adelaide, bayan shekara ashirin kuma Faransa ta ƙara mata da 96-0. Namibiya ta halarci gasa bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2023, ba ta ci wasa ko ɗaya ba.

Wasan da ba ya ɓoye rauni

Dalili na farko yana cikin yadda aka gina wasan. Mutum goma sha biyar ne a kowane ɓangare, minti tamanin. Ana rungumar ƙwallo a ruga da ita, ba a jefa wa abokin wasa sai ta baya ko ta gefe. Wanda ya dire ta a bayan layin abokan hamayya ya samu maki biyar, bugun ƙari da ke biyo baya maki biyu, bugun tara maki uku. Saboda haka a wasa ɗaya akan ci maki sau goma ko fiye.

A ƙwallon ƙafa, ƙungiya mai rauni za ta iya cin ɗaya ta koma gida ta tare. Mai tsaron raga ya tashi da sa'a, turke ya taimaka sau biyu, alkalin wasa ya busa tashi. A zari-ruga ba a tare gida sai an biya da jiki. Duk wanda ya rugo da ƙwallo sai an kama shi an kayar, a tashi a sake jeruwa, wani ya sake rugowa. Akan sami wasan da ƙungiya ɗaya ta yi kamu fiye da 200. Sa'a za ta iya tare maka hari ɗaya ko biyu, amma ba za ta tare ɗari biyu ba.

Ga kuma turereniya, inda ƙarti takwas daga kowane ɓangare ke sunkuyawa su haɗa kafaɗa a tura juna. Wanda aka fi ƙarfi a nan ba baya kawai zai ja ba, laifi zai yi ta yi, alkalin wasa ya yi ta ba da bugun tara, maki uku-uku na taruwa a kansa. Sannan akwai benci. Ana iya canza mutum takwas, kuma manyan ƙasashe kan shigo da waɗanda ba su gaza na farko ba. A wasan ƙarshe na 2023, bakwai daga cikin 'yan canji takwas na Afirka ta Kudu ƙartin gaba ne, masu turereniya. Shi ya sa sau da yawa za ka ga ƙaramar ƙasa ta riƙe wuta har minti hamsin ko sittin, ana kunnen doki ko kusa da haka, sai minti ashirin na ƙarshe su zame mata ambaliya.

Ranar Brighton

Duk da haka, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A 1991 Samowa ta Yamma ta doke Wales 16-13 a Cardiff, har gida. A 2007 Fiji ta fitar da Wales da 38-34 a Nantes. A 2011 Tonga ta doke Faransa 19-14, Faransar da ta je wasan ƙarshe a wannan gasar. A 2019 Uruguay ta kayar da Fiji 30-27 a Kamaishi. Amma wadda ta fi kowace girgiza duniya ita ce ta ranar 19 ga Satumba, 2015, a garin Brighton na Ingila.

Japan ta shiga filin ne da tarihin nasara ɗaya tak a gasar duniya, wadda ta samu a kan Zimbabuwe tun 1991. Abokiyar karawarta Afirka ta Kudu ce, mai kofi biyu a lokacin. Ana daf da tashi, Afirka ta Kudu na gaba da 32-29, sai aka ba Japan bugun tara kusa da layin abokan hamayya. Da sun buga, da an tashi kunnen doki, wanda shi ma abin alfahari ne. Kocinsu Eddie Jones bugun yake so. Kyaftin Michael Leitch ya ce a'a, turereniya za a yi, da ƙasar da duniya ta fi tsoron ƙartinta. Lokaci ya riga ya cika, kuskure ɗaya ya isa a busa tashi. Suka yi ta miƙa ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan, har Karne Hesketh ya dire ta a kusurwar hagu. Aka tashi 34-32.

Masu ba da labarin sukan tsaya a nan, su kira shi abin al'ajabi. Abubuwa biyu sukan faɗo daga labarin, kuma su ne darasin. Na farko, ba daga sama nasarar ta faɗo ba. Japan na da gasar ƙwararru tun 2003, wadda kamfanoni irin su Toshiba da Suntory da Panasonic ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyinta. Jones ya kwashe watanni da 'yan wasan a sansanin horo na Miyazaki, ana tashin su atisaye tun da asuba, ya kuma ɗauko Bafaranshe Marc Dal Maso don ya gyara musu turereniya kawai. Shawarar da Leitch ya yanke a minti na ƙarshe ta mutumin da ya san abin da ya taka ce.

Na biyu, kwana huɗu bayan wannan gumurzu aka sa Japan ta fuskanci Scotland, wadda ba ta buga wasa ko ɗaya ba tukuna. Aka tafi hutun rabin lokaci ana kusa da juna, aka tashi 45-10. Japan ta ci wasa uku cikin huɗu na rukuninta, amma ba ta wuce ba, abin da bai taɓa faruwa da wata ƙasa ba kafin nan. An daɗe ana tsara jadawali ta yadda manyan ƙasashe ke samun ranakun ƙarshen mako saboda masu kallon talabijin, ƙanana kuma a cusa su tsakiyar mako da ɗan gajeren hutu. Sai a gasar 2023 aka wajabta wa kowace ƙasa hutun aƙalla kwana biyar tsakanin wasanni.

Da Japan ta karɓi baƙuncin gasar a 2019, ta doke Ireland 19-12 da Scotland 28-21, ta zama ta ɗaya a rukuninta, ta shiga sahun takwas na ƙarshe karon farko. A nan Afirka ta Kudu ta tsayar da ita da 26-3, ta hanyar da aka saba: ƙarfin ƙartin gaba da zurfin benci.

Ƙofar da aka rufe

Dalili na biyu ba a fili yake ba, a ofis yake. Manyan ƙasashen Turai shida, wato Ingila, Faransa, Ireland, Scotland, Wales da Italiya, suna da gasarsu ta shekara-shekara. Babu hawa, babu faɗuwa, kuma tun da aka shigar da Italiya a 2000 ba a ƙara kowa ba. Jojiya ta yi shekaru tana lashe gasar mataki na biyu ta Turai. A 2022 ta doke Italiya 28-19 a Batumi, ta je Cardiff ta doke Wales 13-12. Har yanzu tana bakin ƙofa.

Ka ɗauka ɗan kasuwa ne aka hana rumfa a Muda Lawal, aka ce sau ɗaya a shekara huɗu zai shigo ya baje kayansa na wata guda, sannan a auna cinikinsa da na dillalan da suka gaji rumfa daga iyayensu. Bai san yadda farashi ke juyawa ba, ba shi da abokan ciniki, babu mai ba shi kaya bashi. In ya yi sa'ar cinikin rana guda a yi ta tafa masa, gobe ya koma waje. Haka ƙananan ƙasashen zari-ruga suke. Manya na karawa da junansu kusan sau goma a shekara, ƙanana kuwa sai su yi shekara huɗu ba su gamu da babba fiye da sau biyu ko uku ba.

Kuɗi ma haka yake tafiya. A wasannin sada zumunci, al'adar ita ce mai masauki ke riƙe kuɗin ƙofa. Manya kuwa ba su cika ziyartar ƙanana ba. New Zealand, duk da yawan 'yan asalin Samowa da suka sa mata riga, ba ta je Apia ta buga wasa ba sai a 2015. Shekara biyu bayan haka Firayim Ministan Samowa, wanda shi ne shugaban hukumar wasan a ƙasar, ya fito fili ya ce hukumar ta tsiyace. A majalisar hukumar World Rugby kuma, kowace babbar ƙasa na da ƙuri'a uku, ƙasashe irin su Jojiya ƙuri'a ɗaya, Afirka kuwa, in ka cire Afirka ta Kudu, ƙuri'a biyu gare ta baki ɗaya ta hannun hukumar nahiyar. Waɗanda ƙofar ke yi wa amfani a rufe, su ke riƙe da mabuɗin.

Inda aka buɗe, an ga sakamako. Ajantina ta zo ta uku a 2007, aka shigar da ita gasar shekara-shekara ta ƙasashen kudu a 2012. Ta sha kashi shekara da shekaru, amma ta je wasan kusa da na ƙarshe a 2015 da 2023, kuma a 2020 ta doke New Zealand 25-15 karon farko a tarihi. Fiji ta samu ƙungiyar ƙwararru ta gida, Fijian Drua, a gasar Super Rugby a 2022. Shekara ɗaya bayan haka ta doke Ingila 30-22 a Twickenham, ta doke Ostareliya 22-15 a gasar duniya, nasarar farko a kanta tun 1954, ta kai sahun takwas na ƙarshe. A wannan gasar kuma Fotugal ta doke Fijin 24-23, nasararta ta farko a gasar duniya, da 'yan wasan da da yawansu ke taka leda a ƙungiyoyin Faransa.

Noma a nan, girbi a can

Akwai kuma zurarewar 'yan wasa. Ƙaramar hukumar Bauchi kaɗai ta fi Samowa da Tonga a haɗe yawan jama'a, amma waɗannan tsibirai sun cika ƙungiyoyin duniya da gwanaye. Jonah Lomu, wanda ya gigita duniya a 1995 a rigar New Zealand, iyayensa 'yan Tonga ne. Manu Tuilagi a Samowa aka haife shi, Ingila ya yi wa wasa. A da, wanda ya sa rigar wata ƙasa sau ɗaya galibi ya ɗauru ke nan har abada. Daga 2022 aka sassauta: idan ɗan wasa ya yi shekara uku bai buga wa ƙasar farko ba, zai iya komawa ƙasar da aka haife shi, ko ta iyaye ko kakanni. Ta haka Charles Piutau, tsohon ɗan wasan New Zealand, ya buga wa Tonga a 2023.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Victor Ubogu haifaffen Legas ne, Steve Ojomoh na birnin Benin, Adedayo Adebayo na Ibadan, duk Ingila suka yi wa wasa a shekarun 1990. Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025. Ita kuwa tawagar Najeriya, Black Stallions, ba ta taɓa zuwa gasar duniya ba. Babu laifin waɗannan 'yan wasa. Makarantun Ingila ne suka koya musu wasan tun suna yara, ƙungiyoyin Ingila suka raine su. Wanda ya yi shuka shi ke girbi.

Ƙarfi a nan, fili babu

Duk wanda ya tsaya ya kalli 'yan dako na sauke buhunan albasa daga tirela zai ce ai ƙartin turereniya ga su nan. Arewa ba ta rasa ƙarfi ba, ba ta kuma rasa wasannin gamon jiki ba: ga kokawa, ga dambe, ga langa. A Nijar kokawa ce sarauniyar wasanni, ana fafata gasar takobi ta ƙasa tun 1975. Jojiya ma daga al'adar kokawa da wani wasan gargajiya nasu mai suna lelo ta samo ƙartin da ƙungiyoyin Faransa ke rububi.

Sai dai ƙarfin ɗaukar buhu daban, ƙarfin turereniya daban. Ita tana buƙatar horon wuya da kafaɗa na shekaru, da koci da ya san yadda ake sunkuyawa ba a karye ba. Wasan ba ya yafe sakaci. A 1995 ɗan wasan Kwaddibuwa Max Brito ya karye a wuya mintuna kaɗan da fara wasa da Tonga, ya rayu a shanye har rasuwarsa a 2022. Ana buƙatar fili mai ciyawa, domin kayar da mutum a busasshiyar ƙasar rani ba wasa ba ne. Ana buƙatar likita a gefen fili, da abinci, da kuɗin mota zuwa wasan waje. Wasan yana nan a Arewa, ga ƙungiyar Barewa a Kano, ga masu buga shi a Kaduna da Zariya da Jos, amma 'yan tsiraru ne masu sha'awa ke riƙe da shi.

Hanyar da ta fi kusa ita ce ta 'yan bakwai-bakwai: mutum bakwai a ɓangare, minti bakwai kowane rabi. Gudu da dabara sun fi nauyin jiki tasiri, kuma gajartar lokaci na ba ƙarami dama. Da ita Fiji ta samu lambar Olamfik ta farko a tarihinta, zinariya a Rio a 2016, ta maimaita a Tokyo. A 2016 ɗin Kenya ta doke Fiji 30-7 ta lashe gasar Singapore. Kenya ba ta fi Najeriya ƙarti ba. Makarantun sakandarenta ne ke buga wasan, tana da gasar cikin gida da ba ta yankewa, kuma ta yi shekaru tana zagaya duniya tana karawa da manya a kai a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gasar 2027 a Ostareliya za ta ƙunshi ƙasashe 24 maimakon 20, da sabon zagayen 'yan 16, wanda zai ba ƙananan ƙasashe damar tsallake rukuni. Zimbabuwe za ta je karon farko tun 1991, bayan ta doke Namibiya 30-28 a Kampala a watan Yulin 2025. Ba mamaki a sake ganin wata ba-zata, domin an yi shekaru ba a rasa guda a kowace gasa. Amma sabuwar gasar ƙasashe 12 da aka tsara farawa a 2026, wadda ta haɗa da Japan da Fiji, ba za a fara hawa da faɗuwa a cikinta ba sai 2030. Saboda haka mai son sanin ko 'yan rakiya za su taɓa zama masu biki, kada ya tsaya ga sakamakon wata guda a Ostareliya. Ya ƙirga wasa nawa Zimbabuwe da Jojiya da Fotugal za su samu da manya tsakanin 2027 da gasar Amurka ta 2031. A wannan lissafin amsar take.